Bangon Siman

"To faɗi da bakinka in ji! Ka ce uwarka ba za ta je ba!"

Anjelina ce take wannan ihun a tsakar gidanmu da ke Tudun Ƙofa. Ta riƙe ƙugu da hannun hagu, na dama kuwa yana reto kamar na aro, don kafaɗar nan ta daɗe tana yi mata gardama. Wanda take yi wa ihun ɗana ne na fari. Bakina bai saba kiran sunansa ba, amma biro ba shi da kunya: Lawal. Dawowarsa ke nan daga wurin aiki a Abuja, ko takalmi bai cire ba.

"Inna Anjelina, ni ban ce ba za ta je ba. Cewa na yi bai dace ba."

"Bai dace ba! Ji maganar ofis. Ni za ka yi wa maganar ofis? Ni da na goya ka kana yi mini fitsari a zanin Kirsimeti?"

"Inna, don Allah ki rage murya, maƙwabta suna ji."

"Su ji! Don su nake ɗaga ta!"

Suna ji kuwa. Matar gidan bayanmu ta fito tana shanya zanin da ya bushe tun jiya, wuyanta ya yi tsawo ta saman katanga. Ban ga laifinta ba, da ni ce ma haka zan yi. Ni ina bakin ƙofar ɗakina ina ɓarar gyaɗa, na yi kamar kunnena ya toshe. Ba na shiga faɗa yana ɗanye, bari nake ya ɗan dahu.

Amma bari in gaya muku asalin abin, kada ku ɗauka tsofaffi ne kawai suka rasa aikin yi.

Sunana Huraira, a unguwa Iya Hure ake ce mini. Musulma ce ni, na je Makka na dawo da haƙorina na zinariya. Sai dai uwata ba a Keffi aka haife ta ba. 'Yar Kurmin Tsauni ce, wani ƙauye can gaba da Agwada, sunanta na gida Rifkatu. Tallan doya ya kawo ta kasuwar Keffi, ta kai ɗinki wurin wani tela, ɗinkin ya ƙi ƙarewa, telan ya zama ubana. Don kanta ta musulunta, ba wanda ya murɗe mata hannu. Ita kaɗai ce ubanta, Siman, ya haifa, kuma bai daɗe ba bayan aurenta ya rasu. Ga kulle, ga ba kowa a can, har ta koma ga Allah ba ta sake taka garinsu ba. Uwar Anjelina ƙawarta ce tun suna yara, shi ya sa duk kasuwa ake ce mana 'yan uwa, mu ma ba mu taɓa musawa ba. Anjelina Kirista ce, doya take sayarwa har yau, kuma ita kaɗai ce a Keffi ta kusa kamo ni wajen sanin sirrin mutane. Sai dai ba ta iya ba da labari ba, daga ƙarshe take farawa.

A saman dutsen Kurmin Tsauni akwai wani tsohon coci, su ɗakin sujada suke ce masa. Labarin gininsa na sha shi a bakin uwata. Wai wani Bature ne ya hau dutsen yana tura keke, ya yi jajir, ciki yana murɗa masa. Suka jiƙa masa saiwa ya sha, ya warke, ya ƙi tafiya. Da masu sauraronsa suka yi yawa har inuwar ɗorawa ta daina isarsu, aka ce a yi gini. Nan rigima ta tashi. Gidan wane suka ce su kaɗai suke ɗauko dutse, gidan wane suna kwance suna sosa ciki. Sai tsofaffi suka yanke hukunci: a raba bangon. Kowane gida a auna masa yankinsa, ya gina shi tun daga ƙasa har sama, kowa ya ga aikin kowa. Shi ya sa bangon cocin nan bai yi kama da juna ba. Wani wuri a miƙe, wani ya yi tumbi, wani ya karkace kamar mai shi ya sha ya ƙoshi, kuma an ce ya sha ɗin. Suka kafa doka: duk shekara kafin ruwan farko, kowane gida ya zo ya yaɓe yankinsa da hannunsa.

Daga baya aka yi hanyar mota a ƙasa. Mutane suka riƙa saukowa gida gida, suka kafa sabon gari da sabon coci mai kwano. Wata shekara masu farautar gafiya suka sa wa daji wuta, ta haura ta cinye jinkar tsohon. Iyakar abin da na sani ke nan. A zatona duk ya koma ƙasa tun kafin in yi aure.

Ashe ba su daina hawa ba. Abin da ya kawo Anjelina ke nan. Ta ce har yanzu duk bazara jikoki suna dawowa daga Jos, daga Legas, har daga Ingila, kowa ya yaɓe yankin kakansa. Gidan da zuriyarsa ta ƙare, yankinsa ya zube, duwatsun su zama na kowa. To bana ciyaman ɗin ƙungiyar 'yan garin, wani tsohon soja mai suna Godfrey, yana so ya gina matakala a jikin dutsen don tsofaffi, kuma yana neman duwatsu. Ya ce duk yankin da jinin mai shi bai zo ya sa masa hannu ba a bana, za a sauke shi. Yankin Siman yana ciki. Jinin Siman kuwa ni ce.

Ku riƙe wannan, kada ku ce ni na faɗa: Godfrey bai tuna da wannan doka ba sai bayan wani biki da Anjelina ta ce shinkafar matarsa ta yi kama da kunu.

"Ni abin da ban gane ba," in ji ɗan nawa, ya zauna a kan turmi yana kwance igiyar takalmi, "tun zamanin kakata ba wanda ya je daga gidan nan. Ai wannan bango ya faɗi tuni. Me Iya za ta je ta yaɓe? Iska?"

Anjelina ta yi shiru. Ban taɓa ganin ta yi shiru ba, ko a gidan makoki. Sai na ajiye gyaɗar.

"Yana nan a tsaye," ta ce.

"Wa ya tsayar da shi?" na tambaya.

"Aljanu."

"Ke Anjelina."

Ta juya tana kallon rijiya. "Ranar da uwarki za ta tafi aure ta ce wa uwata, ki riƙe mini bangon Baba. Ta riƙe. Da za ta mutu ta ce in riƙe. Na riƙe. Shi ke nan. Bara kafaɗar nan ta hana ni kai hannu sama, Godfrey ya gani. Kada ki kalle ni haka, Hure, ban sace miki komai ba."

Nan take wani abu ya faɗo mini. Muna yara, duk bazara uwata tana jiƙa ɓawon ɗorawa a babbar tukunya har ruwan ya yi baƙi, ta ɗura a tulu, ta toshe bakin, ta ba masu doya su tafi da shi. Mu duk mun ɗauka maganin basir ne take aika wa wani. Ashe makuba ce, wadda ake kwaɓa ƙasar yaɓe da ita don kada ruwan sama ya ci bango. Tana cikin kulle a Keffi, amma tana aika rabonta.

"Shekara da shekaru muna cin goro tare," na ce, "ba ki taɓa gaya mini ba?"

"In gaya miki? Ke? In na gaya miki da safe, kafin azahar an ji a Gitata. Uwarki ba ta so a riƙa yi da mijinta a majalisa, ta ce a yi shiru. Muka yi."

Na so in ji haushi, amma gaskiya ta faɗa. Kafin azahar ma ta yi mini sassauci.

"Iya," in ji ɗan nawa, muryarsa ta yi ƙasa, "ki duba matsayina. Ina cikin kwamitin masallacin unguwa. Yanzu kowa da waya a hannu. Wani ya ɗauki hoto ya watsa, a ce ga uwar Malam Lawal can tana ginin coci. Ina zan sa fuskata?"

Faɗa ya dahu. Na karkaɗe zanina na miƙe.

"Kai wannan," na ce masa, "ba sujada za ni yi ba, sallata tana nan inda na bar ta. Bangon kakana ne. Matan nan sun riƙe mini amana tun ban san akwai ta ba, uwa ta riƙe, 'ya ta riƙe har kafaɗa ta mutu. In bari a rushe don tsoron hoto? In za su ɗauka ma, ka ce musu su ɗauko ni ta gefen haƙorin Makka."

Ya kwashi takalmansa ya shige ɗaki. Matar gidan baya ta sauke zaninta, ta ga ba sauran abin kallo.

Ranar tafiya Nnamdi ne ya kai mu. Bakanike ne, shi yake haya a shagon ƙofar gidanmu, a Keffi aka haife shi, Hausarsa ta fi ta jikokina. Motarsa ita ce wadda duk unguwa ta fi buƙatar bakanike. Mun wuce gari ke nan sai ya leƙo ni ta madubi.

"Iya, Oga Lawal ya sa wani abu a but ɗin motar nan da asuba. Ya ce kada in gaya miki. Shi ya sa na ce bari in faɗa tun yanzu in huta."

"Mene ne?"

"Buhun siminti."

Anjelina ta fashe da dariya har tana riƙe kafaɗa. "Siminti! A bangon ƙasa! Ai sai ya kulle ruwa a ciki, damina ɗaya ya ɓallo da rabin bangon. Wayyo, ɗan boko." Ta yi ta dariya, sannan ta ja bakin gyalenta ta goge ido. "Yaron kirki ne," ta ce. "Wawa, amma na kirki."

Ni ban yi dariya ba. Na san abin da ya ci masa kafin ya ɗauko buhun nan ya sa a mota yana waige.

Hawan dutsen nan kada Allah ya maimaita mini shi da azumi. Na hau ina hutawa, na huta ina hawa, ina kiran sunayen Allah da na sani da waɗanda na ara. Anjelina tana gaba kamar akuya, tana juyowa tana ce mini 'yar birni. Nnamdi yana baya da buhun siminti a ka, don na rantse ba za a bar shi a mota ba, yana tsine wa buhun da yare uku. A zuciyata na ce, matakalar Godfrey ba ƙaramin tunani ba ne, amma ban faɗa ba, Anjelina tana kusa.

Da muka kai sama sai na gan shi.

Ban san me na zata zan gani ba. Ƙaramin wuri ne, bai fi zauren mai unguwa ba. Ba rufi, sama ce kawai a kansa. An share ciyawar ciki, ƙasa ta yi fes. Ramukan taga suna nan, ƙadangaru suna shiga suna fita kamar su suka biya haya. Bangon kuwa kamar bakina: nan haƙori, nan wawulo, nan haƙori biyu a jere, nan kuma fili sai tarin duwatsu. Tsohuwar ɗorawar tana gefe, ta yi girman da mutum uku ba za su rungume ta ba.

Ga mutane kamar ranar kasuwa. Manya da leshi, samari da wandon jins, kowa laka har gwiwar hannu. Kowane gida ya tsaya a gaban yankinsa, tsofaffi suna nuna wa yara suna kiran sunaye. Wata da ta zo daga Ingila ta sa safar hannu ta roba, gwaggonta ta fizge ta jefar, ta ce kakanki ba da roba ya gina ba. Na duba yankin nan mai tumbi, na duba masu yaɓe shi, wallahi daga uban har 'ya'yan duk tumbi gare su. Na taɓo Anjelina na nuna mata da baki. Ta ce in yi shiru, sannan ta raɗa mini cewa na tsakiyar nan matarsa ta gudu da direba.

"Ga naki," ta ce.

Yana kusa da ƙofa, ta hannun dama. A miƙe yake kamar an ja zare. Daga ƙasa har daidai kafaɗa yaɓen sumul, baƙi-baƙi, yana ƙyalli. Daga nan zuwa sama ya tsattsage, duwatsu sun fara leƙowa. Daidai inda hannunta ya daina kaiwa. Na tsaya ina kallon layin nan.

"Mama, sannu da hanya."

Na juya na ga dogon mutum da hular soja da ta koɗe, da usur a wuya. Ba sai an gaya mini ba, Godfrey ne. Ya rusuna ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi gida da jikoki, ya sa aka kawo mini ruwa. Sannan ya gyara murya.

"Mama, kada ki ga kamar rashin kunya. Amma ni aka ɗora wa wannan aiki. A cikinmu ba wanda ya taɓa ganin 'yar Rifkatu. Anti Anjelina kuma, kowa ya san ta, ba ta son a kayar da ita. Tana iya shiga kasuwar Keffi ta ɗauko kowace hajiya."

"Kowace hajiya!" Anjelina ta yi tsalle. "Godfrey, ni za ka ce wa maƙaryaciya? A gaban ɗakin sujada? Kai da aka yi maka baftisma kana cizon fasto?"

Mutane suka bar yaɓe suka matso. Ni kuwa, Allah ya gafarta mini, daɗi nake ji. Ban taɓa zama abin faɗa ba, kullum ni ce mai kallo.

"Ban ce ƙarya ba, Anti," in ji Godfrey. "Na ce a tabbatar. Gidan Siman an san su da abu ɗaya, kuma shaidar tana nan a jikin bango."

Ya nuna wani ɗan rami a cikin bangon, alkukin da ake ajiye fitila a da. Ruwa ba ya shiga wurin. Ya ce ranar da aka gama gini kowane maigida ya danna tafinsa a cikin ɗanyar ƙasa, yawancinsu sun goge, amma Siman a cikin alkuki ya danna nasa. Anjelina ta ce uwarta ta hana ta taɓa wurin, kewaye shi suke yi da yaɓe.

Na leƙa. Tafin hannu ne babba, ya nutse a cikin ƙasa. Na ƙirga yatsun. Na sake ƙirgawa. Shida.

Sai na ji dariya ta taso mini. Da cindo aka haife ni. Wanzami ya cire shi ranar suna, amma ya bar ɗan tudu a gefen ƙaramin yatsana, wanda yara suka yi ta tsokanata da shi a makarantar allo har na koyi rufe shi da lalle. Ɗana na fari ma da shi ya zo, haka 'yarsa ta biyu. Dangin ubana sun sha cewa ba daga wurinsu ba ne, kamar wani abin kunya.

Na ɗaga hannun sama na juya shi kowa ya gani. Sannan na zura shi a cikin alkukin.

Hannuna ya ɓace a cikin nasa, kamar na yarinya. Amma ɗan tudun nan ya faɗa daidai bakin ramin yatsa na shida. Ƙasar tana da sanyi duk zafin ranar nan. Ban taɓa ganin mutumin nan ba, ko hotonsa babu. Sai na ce, "Baba, ga ni. Hure ce, 'yar Rifkatu. Sannu da aiki."

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Godfrey ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

"Bango ya ga mai shi," ya ce. "Ba mai taɓa dutse ɗaya a nan. Mama, ki yafe mini." Ya mayar da hular, idonsa ya sauka a kan Nnamdi da ke zaune a kan buhu yana haki. "Wannan simintin fa, na waye?"

"Ɗana ne ya aiko," na ce. "Gudummawar matakala."

Anjelina ta harare ni. Na yi kamar ban gani ba.

Dokar ita ce mai bango ya fara sa hannu, daga nan kowa yana iya taya shi. Aka kwaɓa mini jar ƙasa da makuba, na naɗe hannun riga, na ɗebo na maka. Rabi ya manne, rabi ya dawo mini a ƙirji. Anjelina ta zauna a kan dutse tana ba da umarni kamar matar gwamna. "Ba haka ba! Daga ƙasa zuwa sama! Shafa za ki yi, Hure, ba mari ba! Tuwo kike kwasa?" Na yi iyakar inda tsawona ya kai, wanda bai wuce inda nata ya tsaya ba. Muka tsaya mu biyu muna kallon saman da ya tsage. Sai ga Godfrey ya cire agogo ya ba wani, ya ɗebo ƙasa. Shi ya yaɓe saman gaba ɗaya. Anjelina ta ce ya bar rami a kusurwa. Ya koma ya cike.

Da rana ta karkata na fara waige-waige, ina tunanin inda zan raɓe in yi salla. Kafin in tambaya, wata mata ta zo da ruwa a buta sabuwa, wata ta shimfiɗa mini zaninta a gindin ɗorawa. Na ce ina gabas? Suka ce in bi inda cocin yake kallo. Na yi sallata a nan, a inuwar da kakana ya zauna yana sauraron Baturensa, yara suka yi tsit har na sallame. Da aka zo cin abinci aka kawo mini kwano daban. Suka ce kaza ce, wani Bafulatani aka kai wa ya yanka tun da safe, don sun ji ana cewa wataƙila hajiya za ta zo. Wataƙila fa. Ba su ma tabbatar ba. Na ci ina haɗiye hawaye da romo, kuma in faɗi gaskiya, matar Godfrey ce ta dafa, kuma shinkafarta ba ta yi kama da kunu ba.

Hoto kuwa an ɗauka. Ni na kira ta Ingilar nan na ce ta ɗauka, na tsaya ta gefen da na ce.

Da muka dawo Keffi na tarar da ɗan nawa a tsakar gida yana duba waya a juye. Ya yi mini sannu da hanya, ya tambayi motar Nnamdi, ya tambayi rana, ya tambayi komai ban da abin da yake son tambaya.

"Simintinka ya yi aiki," na ce. Ban yi ƙarya ba.

Na ba shi labarin alkukin. Yana ji yana shafa gefen ƙaramin yatsansa, bai san yana yi ba. Da na gama sai ya miƙe, ya ce, "Baɗi in Allah ya kai mu ba sai an wahalar da Nnamdi ba. Motarsa ba ta da birki."

Saura Anjelina. Na kwana ina juyi ina tunanin yadda ake gode wa mutum a kan abu irin wannan. Da Lahadi ta zagayo na aika a ce mata in ta taso daga coci ta biyo. Na tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe, na buɗe akwatina har ƙasa na ciro atamfar da nake ɓoyo tun bikin autata, wadda ko surukata ban bari ta gani ba. Ta zo, ta ci, ta ce gishiri ya yi kaɗan, ta ƙara. Da ta wanke hannu sai na rufe ƙofar ɗaki, na ajiye atamfar a gabanta, na durƙusa. Gwiwoyina suka yi ƙara kamar ana karya kara.

"Me haka?" ta ce. "Kin faɗi ne?"

"Anjelina, ki bar ni in yi magana. Uwarki ta riƙe wa uwata amana, ke kin riƙe mini. Ba jininku ba ne, ba wanda zai zarge ku da kun bari ya zube. Kin hau dutsen nan da ciki, kin hau da goyo, kin hau da kafaɗa ɗaya. Da ba don ke ba da na mutu ban taɓa hannun kakana ba. Ba ni da abin biyanki. Allah ya saka miki, ya jiƙan iyayenmu, ya ba 'ya'yanki masu riƙe musu. Na gode, 'yar uwata. Na gode."

Ta kawar da kai. Da na tsaya a nan da an rabu lafiya. Amma bakina bai taɓa sanin wurin tsayawa ba.

"Kuma daga yau kin huta," na ce. "Mun karɓa. Ni da yaran nan za mu riƙa zuwa. Ba sai kin sake wahalar hawa ba."

Ta juyo a hankali.

"Na me?"

"Kin huta."

"Wa ya ce miki na gaji?" Ta miƙe tsaye. "Au, abin da aka kira ni a yi mini ke nan? Tuwon sallama ne na ci? Rana ɗaya kika je, Hure, rana ɗaya, kika yi yaɓe kamar kaza ta yi tono, rabi a bango rabi a rigarki, shi ne har kin zama mai bango za ki sallami leburarki?"

"Ba haka nake nufi ba, kafaɗarki..."

"Kafaɗata a jikinki take? Uwata aka ba wa bangon nan! Uwarki ta ce a riƙe, ba ta ce a dawo da shi ba! Kin san inda ruwa yake taruwa a gindinsa? Kin san dutsen da yake motsi? Ke da ko makuba kin ɗauka maganin basir ce!"

"Anjelina, zauna mana."

"Ba zan zauna ba! Baɗi ina saman dutsen nan kafin ki gama neman takalminki. In kin ga dama ki zo, ke da ɗan simintinki, ku riƙa miƙo mini ƙasa. Na huta! Ji mini mata!"

Ta yi hanyar fita, ta dawo, ta suri atamfar ta danna a hammata, don faɗa bai hana ta ganin mai kyau ce ba. Ina durƙushe na kasa tashi, dariya ta hana ni, hawaye yana zuba. Ta fizgi ƙofar da hannun nan da aka ce ya mutu, ta fita, ta buga ta garam.